Tsofaffin Motocin Alfarma da Yadda Ake Raya Su

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ma'aikacin gwamnati ɗan asalin garin Utai, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni ne zan yi jawabi a bana, ya kuma ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai, na ce masa zan yi magana ne a kan tsofaffin motocin alfarma. Sai da ya yi dariya har ya gaji, sa'an nan ya ce, kai da taka motar sai an tura take tashi da safe, ina kai ina motar alfarma? Gaskiyarsa. To amma mai kallon dawaki ran hawan sallah ba lalle ne sai yana da doki a turke ba. Kuma akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda nake ganin babu inda ya fi dacewa in faɗe shi sai a nan, gaban waɗanda suka koya mini karatu da waɗanda muka sha bulala tare.

A gidanmu a Utai akwai wata tsohuwar Marsandi baƙa ta kakana, irin ta shekarun 1960, mai ɗan tsini a bayanta kamar fukafukai. Wasu daga cikinku da suka taɓa raka ni gida lokacin hutu sun gan ta. Kakana ya saye ta ne a hannun wani ɗan Labanan mai kanti a Kano, da kuɗin gyaɗa da na shanu. Sitiyarinta a dama yake, domin an shigo da ita tun kafin Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972. An ce amaren da ta kai ɗakin miji a ƙasar Wudil ba su ƙirguwa, haka ma marasa lafiya da ta kai asibiti birni cikin dare. Ni dai ban taɓa ganin tana tafiya ba. Na tashi na iske ta a gindin darbejiya, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya, mu kuma yara muna shiga muna murza sitiyari muna kukan inji da baki.

Da kakana ya rasu aka zo rabon gado, ni ne ɗan boko na gidan, ni aka miƙa wa biro da takarda. Masu sayen ƙarfe suka zo, suka zagaya ta, suka taya da kilo. Ni da hannuna na rubuta kuɗin, na raba wa magada, kowa ya sami abin da bai isa ya sayi ɗan akuya ba. Aka sa gatari da wutar walda aka daddatse ta a gabana, aka loda a bayan akori-kura. Takardunta kuwa, da littafin da kakana yake rubuta ranar juyen baƙin mai, duk an haɗa da shara an ƙone. Sai bayan shekaru da na fara karance-karance a kan wannan fanni na gane abin da na sa wa hannu. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yau idan ɗana ya ce in nuna masa motar kakanninsa, ko hoto guda ba ni da shi.

To, bari mu bar Utai mu shiga birni, inda aka yi akasin abin da na yi.

Duk wanda ya saba zuwa kallo a Ƙofar Kudu ya san wata tsohuwar mota shuɗiya, doguwa, mai manyan fitilu, wadda dogarai ke kewaye ta da jajayen riguna. Rolls-Royce ce, samfurin da ake kira Silver Wraith, ƙirar 1952, watau ƙarshen zamanin Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Ku tuna wane zamani ne wannan. Zamanin dalar gyaɗa ne, Alhasan Ɗantata yana da rai, baitulmalin En'e ta Kano tana cikin mafiya ƙarfi a ƙasar nan. Mota a lokacin sai ta hau jirgin ruwa daga Ingila ta sauka a Ikko, sa'an nan ta bi jirgin ƙasa fiye da kilomita 1,100 kafin ta iso Kano. Wannan mota ta ga zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, wanda a lokacinsa Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Kano a 1956. Ta ga samun 'yancin kai a 1960, ta ga yaƙin basasa, ta yi shekara 50 cur tare da marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014, kuma sarakunan da suka biyo bayansa sun gaje ta kamar yadda ake gadon sauran kayan sarauta.

Kamfanin da ya ƙera ta ya samo asali ne daga haɗuwar mutum biyu a birnin Manchester a 1904. Ɗaya ɗan masu hali ne mai sayar da motoci, Charles Rolls, ɗayan kuma ɗan talakawa ne da ya taso da koyon aikin ƙarfe da lantarki, Henry Royce. Suka kafa kamfani a 1906. Ita Silver Wraith ita ce motar farko da suka fitar bayan yaƙin duniya na biyu, sun yi ta ƙera ta daga 1946 zuwa 1958, kuma duka-duka guda 1,883 aka yi. Ku kwatanta da motocin yau da ake fitar da dubbai a yini guda.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake yin ta. Kamfanin ba ya sayar maka da mota gama-garin da za ka shiga ka tuƙa. Abin da yake ƙerawa a masana'antarsa ta garin Crewe shi ne ƙashin motar, watau ƙarfen da komai ke zaune a kai, da inji da giya da ƙafafu. Daga nan sai mai saye ya zaɓi gidan da zai gina masa jikinta, kamar yadda mutum ke sayen shadda ya kai wa telan da ya yarda da shi. Akwai gidaje irin su Hooper da Park Ward da H. J. Mulliner, waɗanda wasunsu tun zamanin keken doki suke wannan sana'a. Kafintoci su haɗa gangar jikin da katako, maƙera su buga farantan alminiyam da hannu su lulluɓe, dukawa su ɗinka kujeru da fatar sa. Saboda haka da wuya ka sami biyu da suka yi kama ta kowace fuska. Injinta silinda shida ne a jere, wanda a ƙirar 1952 girmansa ya ɗan haura lita 4.5. Akwai ma wani feda da direba ke takawa, mai ya bi ta ƙananan bututu ya shafe gaɓoɓin ƙasan motar, ba sai an shiga ƙarƙashinta da man giris ba.

Wata 'yar'uwarta ƙirar 1952 tana ƙasar Barazil. Ita ce motar da sabon shugaban ƙasa ke shiga ranar rantsuwa, kuma da ita Shugaba Lula ya fita ranar 1 ga Janairu, 2023. Ƙasar da ke da masana'antun mota nata na kanta, ba rashin sabuwa ya sa ta riƙe tsohuwa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Me ya sa ta fadar Kano ta rayu, ta kakana ta mutu? Wani zai ce kuɗi. Akwai kuɗi a ciki, ban musa ba. Amma ni a ganina abu uku ne suka fi kuɗi. Tana da inuwa, tana da mai kula da ita wanda aikinsa ke nan, kuma ana fita da ita. Mota dabi'ar doki gare ta, zama a turke ya fi tafiya kashe ta. Ta kakana wani ɗan ƙaramin abu ne ya lalace a famfon mai, aka ce gobe za a kai ta birni. Goben nan ita ce ta yi shekara 30.

Akwai kuma wata mota da ta shafe mu mutanen Kano, wadda ita ba a fita da ita, kuma bai kamata a fita da ita ba. Ina nufin baƙar Marsandi samfurin 230.6 da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta a Ikko, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan, bai cika wata bakwai a kan mulki ba. Tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Ikko, da hujojin harsashi a jikinta. Na je na tsaya a gabanta lokacin da aka tura ni wani kwas. Wallahi duk abin da malaminmu na tarihi ya koya mana a aji, wanda ga shi can zaune yana kallona, bai shige ni kamar minti goman da na yi a gaban motar nan ba. Gani ya kori ji. Mota ce sassauƙa, ba ta da sulke, shugaban ƙasa guda yana zaune a cikinta a cunkoson ababen hawa kamar kowa. To a ce wani mai neman suna ya zo ya ce zai gyara ta, ya cike hujojin, ya fesa mata sabon fenti. Ai ya kashe ta ke nan, domin hujojin su ne shaidar.

Na kawo motocin nan biyu ne don mu gane cewa adana tsohuwar mota iri biyu ne. Akwai wadda ake raya ta ta ci gaba da tafiya, akwai wadda ake tsare ta yadda take. Tambayar farko da mai hankali zai yi kafin ya ɗauki sifana ita ce, wannan wace iri ce?

Turawa ma sai da suka yi ɓarna mai yawa kafin su gane haka. Shekaru da dama yayinsu shi ne a kwance mota gaba ɗaya, a zubar da duk abin da ya tsufa, a mayar da ita ta fi ranar da ta fito daga masana'anta ƙyalli. Daga baya suka lura cewa sun tara motoci masu kyau da babu tarihin kowa a jikinsu. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fito da wata yarjejeniya da ake kira ta Turin, wadda ta fara aiki a 2013. Gundarinta shi ne a bar duk abin da za a iya bari na asali, a rubuta duk abin da aka canza. A 2024 kuma, a gasar Pebble Beach ta Amurka, wadda ta fi kowace gasar tsofaffin motoci suna, wata Bugatti ƙirar 1934 da aka bar ta da tabon tsufanta ita ce ta zo ta ɗaya, karo na farko da irinta ta ci wannan kambi.

Wani labari daga Faransa ya kamata mu ji, domin ya yi kama da namu ta wata fuska. A garin Mulhouse an yi wasu 'yan'uwa biyu masu masaƙu, Hans da Fritz Schlumpf. Suka yi ta sayen tsofaffin motoci a ɓoye suna tarawa a wani tsohon ginin masaƙa, suka ɗauki kanikawa da kafintoci suna gyara musu a asirce. Masaƙun suka durƙushe, ma'aikata suka rasa aiki. A 1977 ma'aikatan suka kutsa cikin ginin, sai ga motoci ɗaruruwa a jere. Masu su sun tsere Suwizalan. Ma'aikatan nan suna cikin fushi, da sun ga dama da sun cinna wa wurin wuta. Ba su yi haka ba, sai suka buɗe ƙofa jama'a su shigo su ga inda guminsu ya tafi. A 1982 wurin ya zama gidan tarihi, da motoci fiye da 400, kuma mutane daga ko'ina suna biyan kuɗi su shiga. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kano da Kaduna suka mutu zai fahimci zafin ma'aikatan nan, zai kuma yaba haƙurinsu.

Maganar kuɗi kuwa, zan faɗe ta a gurguje don na san wasu ita suke jira. A watan Mayu na 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135. Ba sai na juya muku shi zuwa Naira ba, kada wani ya shiɗe. Amma guda biyu kacal aka taɓa ƙera irinta a duniya. Don haka kada kowa ya koma gida ya dubi tsohuwar Fijo da ke bayan ɗakin babansa ya fara lissafin kujerar Makka. Yawancin tsofaffin motoci kuɗin gyaransu ya fi kuɗin da za a saye su.

Yanzu bari in shiga aikin kansa, ga wanda Allah Ya sa yana da irin wannan a gida.

Abu na farko ba sifana ba ne, biro ne. A ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya. A nemo lambar da aka buga a jikin ƙashin motar da ta inji, a rubuta. Wannan lamba ita ce asalinta. Ƙungiyar masu Rolls-Royce da ke ƙauyen Paulerspury a Ingila tana riƙe da takardun ƙira na tsofaffin motocin kamfanin, inda za a ga wanda ya yi oda da gidan da ya gina jikin. Kamfanin Mercedes-Benz shi ma yana da cibiya ta musamman a Fellbach kusa da Stuttgart, wadda ke kula da tsofaffin motocinsa. Sa'an nan a je wurin tsohon direban, in yana da rai, a zauna da shi a naɗi maganarsa. Shi ya san ranar da aka canza lagireto, da dalilin lotsewar da ke ƙofar baya, da wanda ya taɓa zama a kujerar nan.

Kuskuren da muka fi yi shi ne gaggawar jin kukan inji. Mota ta yi shekara 20 a tsaye, sai a kawo batir a ɗaura, a zuba fetur a kafireto, a ce a buga mu ji. Cikin minti ɗaya za a yi mata ɓarnar da shekara 20 ba su yi ba, domin babu ɗigon mai a jikin fistin, ringi sun manne, tsohon baƙin mai ya daskare kamar kwalta. Yadda ake yi shi ne a cire fulogogi, a ɗiga mai a kowace silinda, a bar shi kwanaki ya jiƙa, sa'an nan a juya injin da hannu a hankali. A sauke tanki a wanke, domin fetur in ya daɗe yakan zama danƙo ya toshe hanyoyi. Duk wani abu na roba, bututun ruwa da na birki da tayoyi, a ɗauka ya mutu ko da ido ya ga kamar lafiyarsa lau. Kuma birki ake fara gyarawa kafin inji. Motar da ta tashi ba ta tsayawa, gara wadda ba ta tashi ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke kayar da ƙwararren bakanike ma. Tsofaffin motocin Ingila ba da awon milimita aka yi notocinsu ba, suna da nasu awon dabam, kuma sifanun da ke garejinmu yawanci na milimita ne. Sai a sa wanda ya kusa daidai a murɗa da ƙarfi, kan noti ya cinye, a ɗauko kurfi da guduma. Haka kuma da yawa daga cikinsu an haɗa wayarsu ne a juye da yadda muka saba, watau kan batir mai alamar tarawa shi ke haɗe da jikin mota. Mai gyaran waya da bai sani ba zai ƙone kaya kafin ya farga. Fetur ɗin ma ya canza. Injinan da an yi su ne a zamanin fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a duniya baki ɗaya a 2021 saboda illarsa ga lafiya, don haka wasu injinan sai an ƙarfafa musu mazaunin bawul.

Yanayinmu yana da nasa amfani da nasa illa. Bushewar ƙasarmu rahama ce, domin tsatsa ba ta cin ƙarfe a Kano kamar yadda iskar teku ke cinsa a Ikko. Amma rana tana fasa fenti da fatar kujera, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ɓeraye suna cin waya, gara kuma in ta sami katakon da ke cikin jikin irin su Silver Wraith, sai dai a tarar da fanko. Gindin bishiya da muke gani inuwa ce shi ne mafi munin wurin ajiya, domin ganye yana taruwa a lungunan mota ya riƙe ruwan damina. Rumfar kwano huɗu da daɓen siminti, a ɗaga motar a kan duwatsu ko katako, wannan kaɗai da ya ceci ta kakana.

Masu aikin fa, muna da su? Ni na ce muna da su, har mun fi wasu. Ku shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ku ga yadda mutum zai dubi ƙarfen da ya karye ya ƙera maka irinsa. Muna da masu bugun jikin mota da za su miƙe lotsewa da guduma da kunne kawai. Muna da majema da dukawa da fatarsu ta yi suna har ƙetaren Sahara tun ɗaruruwan shekaru, ga kuma Karar Wudil a bayan gidanmu duk Juma'a cike da shanu, ko da yake fatar yanzu tukunya ta fi majema samunta. Abin da ya rage mana shi ne haƙuri da riƙe asali. Bakanikenmu an horar da shi ne a kan mota ta tashi yau mai ita ya tafi. Don haka in ka kai masa tsohuwar Marsandi, shawararsa ta farko ita ce a cire injin a dasa na Toyota, a lafta mata fotin da zai rufe lotsewa, a yaye kujeru a sa leda mai ƙyalli. Motar za ta yi tafiya, amma ba ita ba ce kuma. Ba laifinsa ba ne, babu wanda ya taɓa biyansa don ya yi a hankali. In dole ta sa an canza wani abu, to a ajiye tsohon a cikin buhu, a rubuta kwanan wata.

Na san akwai wanda ke cewa a ransa, jama'a na fama da abin da za su ci, ajin makarantar nan wasu babu kujeru, wannan yana yi mana zancen motar sarakuna. Maganarsa tana da nauyi, kuma ba zan ce masa tsohuwar mota ta fi buhun masara ba. In aka ce in zaɓa tsakanin rufin aji da fentin mota, rufin aji zan zaɓa, ko a gaban wa. Amma abin da nake kira a yi, mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Hoto da rubutu da rumfa ne, da hana gatari. Ba mu ce kowa ya zama Schlumpf ba, mun ga inda son zuciyarsu ya kai ma'aikatansu.

A wurin aikina na ga yadda abin ke faruwa. Motar gwamnati in ta tsufa, kwamiti ne ke zama ya tantance ta, a yi gwanjonta, kuma takardar da ake cikewa tana tambayar shekarunta da lafiyarta da kimarta. Babu layin da ke tambayar wa ya shige ta, ko wane aiki ta yi. Na taɓa zama sakataren irin wannan kwamiti. A cikin jerin akwai wata Fijo 504 irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna daga 1975, wadda tsofaffin masinjoji suka ce manyan baƙi da yawa ta ɗauka. Na nemi fayil ɗinta, aka ce ruwa ya ci. Na rubuta a gefen takarda cewa a duba yiwuwar miƙa ta ga gidan tarihi, tunda muna da Gidan Makama a birni, kuma akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tun 1979. Maigidana ya karanta, ya yi murmushi, ya ce yaro, wannan ba ya cikin ƙa'idar aiki. Kuma gaskiya ya faɗa, ba ya ciki. Karo na biyu ke nan da na sa hannu.

Malam shugaban taro, ba na son in sa hannu karo na uku, shi ya sa na zo da roƙo.

A bayan kicin na makarantar nan akwai tsohuwar Bedford ɗin makaranta. Ba motar alfarma ba ce, na sani, amma mu a wurinmu babu Rolls-Royce da ta kai ta. Yayyenmu ita ta kai su gasar ƙwallo da muhawara, ita ta ɗauko buhunan gero da itacen girki, ita ta kai marasa lafiya asibitin Wudil. Mu da muka zo daga baya mun same ta a tsaye, mun ɓuya a bayanta ranar da ba mu yi aikin gida ba, kuma malam mai horo ya san haka sarai. Ɗazu da safe kafin a fara taro na zagaya na duba ta. Gilashi ya tafi, katakon baya gara ta gama da shi, amma injin yana nan, lambarta tana karantuwa, har sunan makaranta ana iya ganinsa a jikin ƙofa. An kuma gaya mini masu sayen ƙarfe sun fara zuwa tambaya.

Abin da nake roƙo shi ne ƙungiya ta rubuta wa hukumar makaranta da ma'aikatar ilmi takarda, a nemi izinin a bar motar a hannun makaranta a matsayin kayan tarihi, kada a sa ta a jerin gwanjo. A kafa ɗan kwamiti na mutum uku ko huɗu, a sa 'yan'uwanmu biyu da suka zama kanikawa a ciki, domin sun fi mu masu digiri sanin abin da ake magana. A yi mata rumfa kafin damina ta faɗi. Tsohon direbanta yana nan da ransa, an ce idonsa ya yi rauni amma tunaninsa garau, a tura ɗaliban ƙungiyar tarihi su je su gaishe shi su naɗo labarinsa a cikin wannan zangon karatu. Maganar ko za ta sake tafiya, a bar wa kwamiti ya duba ya kawo mana lissafi a taron baɗi, in ya fi ƙarfinmu a bar ta a tsaye, yara su riƙa ganinta.

Kwanon rufi da siminti na rumfar na ɗauka, zan biya kashi biyu, rabi ƙarshen watan nan, rabi in an yi albashi na gaba. Ma'aji ya rubuta sunana. Katako da kuɗin kafinta kuma na bar wa 'yan ajinmu, ga su can a layin baya suna sunkuyar da kai.